Hoton Rumfar Albasa a Mile 12: Duhun Ciki da Hasken Waje a Fage Ɗaya

Duk wanda ya san ɓangaren 'yan albasa a kasuwar Mile 12, can kan titin Ikorodu bayan an wuce Ketu, ya san irin rumfunan da ke wurin: kwano a sama, buhuna jibge har kusan rufi, ciki da duhu-duhu ko da rana tsaka, baki kuma a buɗe ga filin da manyan motoci ke sauke kaya daga Sakkwato da Aliero da Kano. A ɗaya daga cikin rumfunan nan wani matashi ke riƙe wa kawunsa littafin lissafi. Hoto sha'awa ce a wurinsa, ba sana'a ba. Ya yi tari ya sayi Canon 600D ta hannu a Computer Village da ke Ikeja, da ƙaramin gilashinta mai milimita 18 zuwa 55, ya kuma ƙwallafa rai a kan hoto guda: a tsaya can ƙuryar rumfa ana fuskantar waje, Alhaji, wato kawun nasa, na zaune a benci, buhuna dama da hagu, ta bakin rumfar kuma a hango tirela da 'yan dako da sararin sama. So yake a wanke shi babba a aika gida Sakkwato, don tsohuwar Alhaji ba ta taɓa ganin wurin da ɗanta yake nema ba.

Kyamara ta ƙi ba shi. In ya saita ta don fuskar kawun ta fito, waje sai ya zama fari fat, babu tirela babu sama. In ya saita ta don waje, Alhaji da buhunansa sai su koma baƙi ƙirin. Ya ɗaga ƙaramar fitilar kan kyamara, ta haske buhun da ke kusa da shi ƙal, ta bar sauran yadda suke. A Agege muke unguwa ɗaya, ya san ni ma ina taɓa hoto, sai ya kawo mini ita bayan sallar Isha ya ce, "Yaya, duba mini. Ko dai mai matsala aka sayar mini?"

Lafiyarta ƙalau. Abin da ya nema ne ya fi ƙarfin ƙiftawa ɗaya.

Masu hoto da mataki suke auna haske. Ƙarin mataki ɗaya shi ne haske ya ninka biyu, ragin mataki ɗaya kuma ya koma rabi, don haka tazarar mataki 10 ninki 1,024 ke nan. Ido yana da dabarar da kyamara ba ta da ita. Ka dubi lungu ƙwayarsa ta buɗe, ka juya ga bakin ƙofa ta tsuke, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗinke su wuri guda har ka zaci kallo ɗaya ka yi. Kyamara kuwa buɗi ɗaya gare ta a kowane hoto. Sensar 600D, wato farantin da ke karɓar haske a cikin wannan kyamara da ta fito a 2011, tana iya riƙe mataki 11 da 'yar ɗoriya a ISO 100, wato mafi ƙanƙantar saitin jin haskenta, amma matakan can ƙasa cike suke da ɗige-ɗige, da ka ɗaga su sai ka ga ratsi-ratsi da launuka marasa asali. Rumfar Alhaji da sararin Legas, wanda laimar teku kan mai da shi fari mai kashe ido, sun zarce wannan iyaka.

Na gaya masa maganin shi ne HDR: a ɗauki wuri ɗaya da haske daban-daban, wani don sama, wani don fuska, wani don lungu, a haɗa su a kwamfuta. Bai jira ba. Ya kalli darussa a YouTube, ya gano cewa kyamararsa tana iya harba hoto uku a jere, ɗaya daidai, ɗaya ƙasa da mataki 2, ɗaya sama da mataki 2. Ya ɗauka da hannu wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ya zuba a wata manhaja ta kyauta, ya zaɓi salon da ya fi ɗaukar ido a jerin da ta nuna masa. Shi kam ya ji daɗi sosai, domin karo na farko ke nan da ya ga sama da lungu tare a hotonsa.

Da ya nuna wa kawun a waya, Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa masa ya ce, "Ɗana, wannan ba rumfata ba ce. Albasata ba haka take ba, fuskar nan kuma ta majinyaci ce. In ka aika wa Hajiya wannan, kwana za ta yi tana kuka."

Ni a wurina wannan hukunci ya fi na kowane gwanin hoto nauyi, kuma daidai yake. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zama a wuri ya san haskensa ko da bai san sunan ko maɓalli ɗaya a jikin kyamara ba. Da muka buɗe hotunan a kwamfuta, laifin ya rabu gida biyu: na wurin ɗauka da na wurin gyara.

Laifin ɗauka shi ne mai sauƙin gani. Hotuna uku masu tazarar mataki 2 mataki 4 kawai suka ƙara wa kyamara, kuma bai ishi wurin ba. Ko a mafi duhun cikinsu, jadawalin hasken da kyamara ke zanawa, wato histogiram, ya manne da bangon dama. Ma'ana gajimare da jikin tirela sun ƙone a dukkan ukun, babu abin da aka adana a wurin. Manhajar da aka ce ta dawo da abin da babu sai ta shafa masa toka, shi ya sa saman ya fito da datti. Ga shi da hannu ya ɗauka, igiyoyin buhu sun zama bibbiyu. Ga 'yan dako suna ta kai-komo tsakanin hoto da hoto, wani ya fito da rabin jiki, ana ganin tayar mota ta cikin ƙirjinsa. Kuma duk a JPEG ya ɗauka, wato matsattsen fayil ɗin hoto na yau da kullum, wanda ke da matsayin haske 256 kacal ga kowane launi, alhali RAW ɗin kyamarar, wato ɗanyen fayil da ba a taɓa ba, yana da 16,384. Tun kafin a fara gyara an riga an zubar da mafi yawan abin da za a yi gyaran da shi.

Laifin gyara shi ne ya fi damuna, domin shi ne ya taɓa mutuncin Alhaji. Bayan an haɗa hotuna, abin da ake samu ya fi ƙarfin allon waya, ya fi ƙarfin takarda nesa ba kusa ba. Dole a matse shi, kamar wanda aka ba buhu aka ce ya juye a mudu: sai ya zaɓi abin da zai shiga. Salon da yaron ya zaɓa ya ƙi zaɓa. Duk abin da ke da duhu ya jawo shi tsakiya, duk abin da ke da haske ya danno shi tsakiya, sannan don kada hoton ya mutu sai ya ƙara kaifi a kowane gefe. Daga nan farin zobe ya fito a kewayen hular Alhaji da ginshiƙan rumfa, duk inda duhu ya yi iyaka da haske. Jar albasa ta koma wani shuɗi-shuɗi mai ƙyalli. Fuska kuwa ita ta fi shan wahala. Baƙar fata duhunta nata ne, ba ƙarancin haske ba ne, amma lissafin manhajar bai bambance inuwa da launin mutum ba. Ya ɗauki fuskar a matsayin lungun da ke bukatar ceto, ya ɗaga ta har ta yi furu-furu, ya tono kowace tamoji da kowane ramin gashi. Wannan ya kamata duk mai yin HDR a cikinmu ya sa a ransa, domin yawancin misalan da ake koyarwa da su duwatsu ne da gine-gine da faɗuwar rana, ba fuskar dattijo Bahaushe a inuwar kwano ba.

Muka shirya sake ɗauka, kuma aikin farko ba na kyamara ba ne. Yaron ya sanar da shugabannin ɓangaren cewa zai kafa sitan mai ƙafa uku, ya kuma yi magana da 'yan dakon da ke aiki da rumfar. Biyu daga cikinsu suka ce ba sa so su fito, aka san da su. Kasuwa wurin neman abincin mutane ce, ba a shigarta da kyamara a yi ta harbi yadda aka ga dama.

Sai lokaci. Bakin rumfar yamma yake kallo. Da hantsi zuwa azahar sama fari ne fat, da la'asar kuma rana cikin gilashi take faɗowa kai tsaye. Da sassafe ne kawai rana take bayan rumfa, tana haska tirela da mutane ta gaba, saman yamma kuma bai gama fari ba. Legas na kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 da rabi kawai arewa da layin da ya raba ta biyu, don haka rana a miƙe take hawa, taushin hasken safe ba ya daɗewa. Takan fito tsakanin shida da rabi da bakwai gwargwadon wata, kafin takwas da rabi kuma an gama. Muka tsayar da bakwai da kwata, lokacin da sauke kaya ya kankama.

A wurin, kafin a danna komai, na sa shi ya auna. Ya mai da ma'aunin hasken kyamara na ɗigo ɗaya, ya tsayar da ISO a 100, buɗin gilashi a f/8. Ya nufi sama, ta ba shi saurin ƙiftawa na 1/1000 na daƙiƙa. Ya nufi jikin tirela, 1/250. Farar rigar Alhaji 1/60. Buhunan gefe 1/15. Lungun da ake ajiye sikeli 1/4. Daga 1/1000 zuwa 1/4 mataki 8 ne, ban da abin da ya fi saman haske a gefen gajimare da abin da ya fi lungun duhu a ƙarƙashin benci. Da ya ga lambobin a rubuce a bayan littafin lissafinsa sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ukun nan ba su ma kama hanya ba."

Tunda kyamarar uku take harbawa a lokaci guda, sai muka yi zubi biyu. Na farko tsakiyarsa 1/250, ya ba da 1/1000 da 1/250 da 1/60. Na biyu tsakiyarsa 1/15, ya ba da 1/60 da 1/15 da 1/4. Saurin ƙiftawa kaɗai ke canzawa. Buɗin gilashi ba a taɓa shi, domin in ya canza zurfin abin da ya fito tar yakan canza, hotunan su ƙi hawa kan juna. Ya saita kaifi a idon Alhaji sannan ya kashe na atomatik, ya tsayar da ma'aunin farin launi a hasken rana, ya kashe na'urar hana rawa ta gilashi tunda kyamara na kan sitan. Ya sa jinkirin daƙiƙa 2, wanda a wannan kyamara yake sa ukun su fita da kansu ba tare da yatsa ya sake taɓa ta ba. Ƙafafun sitan a kan siminti muka kafa su, ba kan katakon da ake jera buhu ba, don katakon yana motsi duk sa'ad da aka dire kaya.

Akwai ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba, amma a rumfar albasa babba ne. Ƙura da ɓawon albasa suna yawo a iska, su kwanta a gilashi, laima ta manne su. A hoton 1/4, inda bakin rumfa ke ambaliyar haske, wannan dattin yakan watsa hasken ya zama hazo a kan komai, kuma babu manhajar da ke cire shi da kyau. Sai da ya goge gilashin dab da dannawa.

Ga Alhaji kuwa roƙo ɗaya aka yi masa. "Kawu, in na ce bismillah, ka dubi wancan ginshiƙin, kada ka motsa sai na ce madalla." Ya zauna daram, carbi a hannu. 'Yan dako ba a tsayar da su ba, kuma ban so a tsayar da su ba, domin kasuwar da kowa ya ƙame ba Mile 12 ba ce. Abin da muka yi shi ne jiran lokacin da babu mai ratsa bakin rumfa, suna can jikin mota. Bayan kowane zubi ya duba histogiram: a mafi duhu, akwai sarari tsakanin zanen da bangon dama, a mafi haske, lungu ya taso daga bangon hagu. Da aka samu haka aka naɗe kaya.

Alhaji ya ga ana ta ɗauka ana cewa za a haɗa, sai ya tambaye ni, "Malam, wannan haɗe-haɗen ba algus ba ne?" Tambaya ce ta mai gaskiya a ciniki, kuma ta cancanci amsa. Na ce masa babu abin da za a sa wanda ba ya wurin, babu abin da za a cire. Dabarar ma tsohuwa ce. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku a faranti ɗaya, sama a wani, ya wanke su a takarda guda, saboda kayan aikin zamaninsa ba sa iya riƙe biyun tare. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Berkeley a Amurka suka bayyana lissafin haɗa irin waɗannan hotuna a kwamfuta, daga 2010 kuma Apple ta sa shi a iPhone 4. Yau kusan kowace waya haka take yi a ɓoye duk lokacin da aka danna. Algus yana shigowa ne in an sa wurin ya zama abin da ba shi ba, kuma shi Alhaji ya riga ya kama wannan da idonsa a hoton farko.

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom muka haɗa biyar, muka ajiye 1/60 ɗin da ya maimaitu. Tun 2015 manhajar take da wannan aiki, kuma abin da nake so da ita shi ne tana fitar da ɗanyen fayil, mai suna DNG, da ake gyarawa kamar kowane RAW, sai dai ma'aunin haskensa yana kaiwa mataki 10 sama da ƙasa maimakon 5. Muka kashe gyaran atomatik. Wajen kawar da fatalwar masu motsi, wato irin rabin jikin nan da suke bari, muka zaɓi matsakaici, muka kunna alamar da ke nuna inda ta taɓa. A nan akwai ciniki: duk wurin da aka kawar da fatalwa, daga hoto ɗaya tak ake ɗebo shi, don haka in wurin mai duhu ne ɗige-ɗige za su dawo. Mun yi sa'a masu motsin duk a waje suke, cikin haske, inda 1/250 ya tsayar da su cak.

Gyaran kansa ya fi komai cin lokaci, kuma yawancinsa hana hannu ne. Yaron ya kai linzami zai ja haske zuwa ƙasa gaba ɗaya, inuwa zuwa sama gaba ɗaya, yadda ya gani ana yi. Na ce ya dakata, ya fara da fuska. Ya daidaita hasken hoton duka har fatar Alhaji ta zama yadda ya san ta, ya bar sauran su faɗi inda suka faɗi. Daga nan ya zagaye bakin rumfa shi kaɗai ya rage masa haske, amma ba har ya yi daidai da ciki ba. Na nace a kan wannan: dole waje ya ci gaba da fin ciki haske a fili, lungu kuma ya ci gaba da zama lungu. A ga sikeli, a gane sikeli ne, shi ke nan. Ƙarƙashin benci muka bar shi baƙi, domin a ido ma baƙi ne. Ƙarin kaifi ya shafa kaɗan a saƙar buhuna, bai kusanci fuska da shi ba. Gefen hula da ginshiƙai muka faɗaɗa muka bi su a hankali muna neman farin zobe, inda ya fara tasowa muka sassauta.

Launi ya zo da tasa rigimar. Akwai shuɗiyar tamfol da aka ɗaura a gefen rumfa, ita ce ke zubo shuɗi a kan buhunan hagu da kafaɗar farar riga. Ido ba ya lura da shi a wurin, kyamara kuwa ta adana shi. Muka ɗumama wannan gefen shi kaɗai. Don tabbatar da launin albasa, yaron ya fito da guda daga aljihun jakarsa ya ajiye kusa da allo, muka yi ta kwatantawa a hasken taga. Na ga dabarori da yawa a wannan harka, amma wannan ta burge ni.

Kafin a biya kuɗin babban wanki sai da aka gwada ƙarami, kuma gara da aka yi. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa mayarwa take yi, abin da take iya nunawa bai cika wuce mataki 6 zuwa 7 ba. Lungun da ke bayyane a kwamfuta ya toshe a takarda. Aka ɗaga inuwa kaɗan, kusan rabin mataki, aka fitar da shi a tsarin launi na sRGB, aka kai wa mai wanki a filashi, domin WhatsApp yana matse hoto in ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Aka kuma roƙe shi kada injinsa ya yi wani gyara na kansa.

Da Alhaji ya karɓi na gwajin, bai ce komai a kan kyau ba. Yatsa ya sa yana nunawa: ga direban da ya kawo kayan Aliero, ga buhunan da aka sayar wa matar nan ta Oyingbo, ga sikelin da ya ce a gyara. Sannan ya ce a wanke biyu, ɗaya na gida, ɗaya na rumfa. A gefen dama akwai ɗan dako guda da ƙafarsa ta ɗan ja saboda sauri. Yaron ya so gogewa, Alhaji ya ce a bar shi, aiki yake yi.

Maƙwabcinsu na layin da ke fuskantarsu ya gani ya ce shi ma yana so. Tasa rumfar gabas take kallo, wato a daidai lokacin da motoci ke sauke kaya rana cikin gilashi za ta faɗo, da la'asar kuma da hasken ya dace filin ya riga ya watse. Yaron ya je ya auna da safe ya samu tazarar ta haura mataki 11 tsakanin sama da lungu. Yanzu yana jiran safiya mai hadari, irin wadda ba ta wuya a Legas daga Yuni zuwa Yuli, ya gwada da zubi uku.